Ranar da Jatau Ya Yaga Tikitinsa

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah mai suna Jatau, a wani gari da ba sai na ambata ba, tun zamanin da babu wayar hannu. Talaka ne mai 'ya'ya huɗu. Sana'arsa sayar da tikitin shiga filin ƙwallo.

Ku saurara, don ba kowa ya san yadda sana'ar take ba. In za a yi babban wasa, masu kula da fili sukan buɗe tagar sayar da tikiti kwana uku kafin ranar. Dillalai su yi sammako, su cika layi, su kwashe tikiti. Taga na rufewa, sai su fito da nasu. Wanda ya zo daga nesa, da wanda aiki ya hana shi tsayawa layi, dole ya bi ta hannunsu. Wasu su ɓoye sai an matsu, sannan su ninka kuɗin har sau uku. Amma fa akwai kasada: ana busa usur, duk tikitin da ya rage a hannunka ya zama takardar ƙunshe ƙosai.

Shi Jatau ba ya ɓoyewa. In ka zo zai ce maka, "A taga kaza ne, na ɗora kaza ladan tsayuwata a rana." Abokan sana'a na yi masa dariya, shi ko a jikinsa.

Wata shekara ƙungiyar garin ta kai wasan ƙarshe na cin kofi. Gari ya ɗauka. A yini ɗaya tikiti ya ƙare a taga, Jatau bai samu ba sai guda ɗaya, ya ce wannan nasa ne, shi ma zai kalla. Sai wani babban dillali, Ɗanbala, ya ja shi gefe, ya nuna masa damin tikiti, ya ce daga ciki aka fito masa da su. Jatau ya sayar da kekensa da awakinsa biyu, ya karɓi sittin.

Ranar wasa, kafin hantsi ya sayar da ashirin. Yana tsaye yana jera sauran, sai ya ga tawadar hatimi ta kama masa yatsa. Ya duba da kyau. Tikiti biyu, lamba ɗaya. Ya ƙara dubawa, uku, lamba ɗaya. Jama'a, na jabu ne, gaba ɗayansu!

Ya ruga wajen Ɗanbala. Ɗanbala ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Malam, ciniki ya faɗa. Dubu nawa za su shiga yau? Wa ke da lokacin duba lamba?"

Tanimu, abokin Jatau, ya kama hannunsa, ya ce, "Jatau, kai ma cutarka aka yi. Sayar da sauran ka ɓace. Wa ya san gidanka?"

Jatau ya koma gindin katanga ya tsuguna. Ya tuna kekensa. Ya tuna awakin da matarsa ta yi shekara biyu tana kiwo. Ga mutane suna wucewa da kuɗi a hannu, suna ta cewa, "Wa ke da tikiti? Ko nawa ne!" Miƙa hannu kawai zai yi. Ku saurara da kyau: babu wanda zai sani. Amma Jatau ya san akwai Wanda ya riga ya sani.

Ya miƙe, ya haɗa arba'in ɗin, ya yaga su biyu, ya sake yagawa. Sannan ya bi layi yana ɗaga murya: "Duk wanda ya sayi tikiti a hannuna ya dawo! Na jabu ne! Ku zo ku karɓi kuɗinku!"

Wani ƙaton mahauci ya fito, ya kwaɗa masa mari. Jatau ya ce, "Kana da gaskiya. Ga kuɗinka." Haka ya yi ta bi, yana neman fuskokin da ya tuna, har ya samo su duka.

Na ƙarshensu wani tsoho ne, Baba Nomau, da ya taho daga ƙauye. Ya ƙi karɓar kuɗin. Ya ce, "Ɗan nan, me zan yi da su? Autana ne mai tsaron gida a wasan nan. Ban taɓa ganinsa yana wasa ba, ga ido yana tafiya."

Jatau ya sa hannu a aljihun gaba, ya zaro tikitinsa na gaske, ya ce, "Baba, shiga da wannan. Shi kam ni na tsaya masa layi."

Da aka buɗe ƙofa, masu gadi suka gane lambobin jabun, domin Ɗanbala ya raba wa dillalai da yawa. Aka tare ɗaruruwan mutane a waje. Rai ya ɓaci, aka shiga farautar dillalai. Ɗanbala tuni ya bar gari. Wasu suka cafke Jatau, suna ihu, "Ga ɗayansu!" An ɗaga sanda kenan, sai mahaucin nan ya ratsa taro, ya tsaya a gabansa, ya ce, "Wallahi ba mai taɓa shi! Wannan da bakinsa ya tona, da hannunsa ya mayar." Sauran da ya mayar wa kuɗi suka kewaye shi, har suka fitar da shi lafiya.

Kada ku zaci a ranar ya yi arziki. A'a. A ƙasa ya koma gida, hannu wofi, kunci a kumbure. Ya fi shekara yana dako a kasuwa kafin ya sake haɗa jari. Amma da ya dawo bakin fili, baƙo ma in ya sauka mota, tambayarsa ɗaya ce: "Ina Jatau?"

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi: an cuce ka ba hujja ba ce ta ka cuci wani. Zalunci in ya iso hannunka, tsayar da shi nan, ko da kai zai ci. Kai da aka sayar wa taki gauraye da yashi, ke da aka ba atamfa mai zuba, kai direba da aka liƙa wa kuɗin jabu a tasha, gobe da safe wani zai tsaya a gabanka, ya yarda da kai. Kada ka miƙa masa. Allah Ya ba mu ikon ɗaukar asara, Ya tsare mu da ɗaukar hakkin mutane.