Wayar da Bahago Ya Murɗa

An yi wani mutum a nan ƙasarmu, ɗan wajen Madakiya. Ba zan faɗi sunansa ba, domin danginsa suna da rai, wataƙila ma wasu na zaune a kan bencin nan. Bahago ne, kuma Ubangiji ya zuba masa baiwa a hannun nan na hagu. A loko na Kafanchan, inda ake gyaran jirgin ƙasa, ya koyi aiki, shi ne mai gyaran iyakwandishan na taragon manya. In sanyi ya ɗauke, shi ake nema ko yana tsakiyar cin tuwo.

Yana da wani ƙane na gari ɗaya, Silvanus, wanda ya jawo daga gona ya koya masa riƙon sifana. Yaya yake ce masa, kwano ɗaya suke ci.

Da aka gama yaƙin basasa, kuɗin mai ya fara zuba, wani ɗan kwangila a Kaduna ya sayi ƙaramin jirgin sama na kansa. Babban injiniyansa, Romanus, ɗan ma'aikacin reluwe ne, a nan Kafanchan ya girma, ya san hannun mutumin nan. Ya aiko a ɗauke shi. Shi kuwa ya ce ba inda za shi sai da ƙanensa. Ku riƙe wannan da kyau: da bakinsa ya roƙa wa Silvanus aikin.

To, sanyin jirgin sama ba irin na tarago ba ne. Daga cikin inji ake jawo iska mai zafin da zai gasa masara, a bi da ita ta bututu a sanyaya kafin ta kai ga mutane. Duk inda bututu biyu suka haɗu akwai maɗauri da noti, kuma in an ɗaure notin sai a zura masa siririyar waya a murɗe, don kada girgiza ta kwance shi. Wajen dama ake murɗawa, haka dokar aikin take. Hannun mutuminmu kuwa hagu yake so. Romanus ya yi ta masa faɗa har ya gyara.

A can bayan jirgin akwai wata 'yar kujera ta makanike, domin mai gida mutum ne mai jiki, zufa ce abokiyar gabarsa, ba ya tafiya sai da mai kula da sanyi. Wa aka zaɓa? Silvanus. Ya ɗan yi makaranta, yana jin Turanci, ga fara'a. A kan wannan kujera maganar duka take.

Ranar Kirsimeti suka zo gida. Silvanus ya sauka da kwat da rediyo, yara suna binsa suna kiransa mai tashi sama, tsofaffi suna tambayarsa ko ya ga inda ruwa yake fitowa. Wata tsohuwa ta juya wajen mutuminmu ta tambaye shi ko shi ma ya taɓa hawa. Ya ce ai shi ne mai gyarawa. Ta ce, "Af, ashe kai a ƙasa ake barinka." Aka yi dariya aka manta. Shi bai manta ba.

Ya 'yan'uwa, kun san ciwon nan? Kada ku yi mini shiru kamar baƙi, kun san shi. Silvanus ya kawo masa takalmi daga Ikko, ya jefa ƙarƙashin gado. Silvanus ya tashi a majami'a yana ba da shaidar godiya, kowa ya ce amin, nasa amin ya maƙale a wuya. In jirgi ya tashi, sai ya tsaya a rana yana kallonsa har ya ɓace, yana cewa a ransa: ni na koya wa yaron nan bambancin filaya da sifana. Albashinsa bai ragu ba, lafiyarsa kalau, 'ya'yansa suna makaranta. Me ya rasa? Kujera.

Wata rana ana shirin tafiya Kalaba washegari, Silvanus ya gama aikin wani bututu da ke bayan kujerar nan, ya ɗaure, ya murɗa waya. Rana ta yi tsaka, kowa ya tafi cin abinci. Mutuminmu ya ce cikinsa na ciwo. Ya shiga jirgin, ya buɗe murfin da ke jikin bango, ya yanke wayar, ya sassauta notin, ya zura sabuwa ya murɗa da sauri, ya mayar da murfi.

Shaiɗan ba ya zuwa da babbar magana. Cewa ya yi da shi: ai ba kisa za ka yi ba, zufa kawai mai gida zai yi, ya kori yaron daga kujera.

Da safe sai ga Silvanus da gudu, bakinsa har kunne. Ya ce, "Yaya, na daɗe ina roƙon mai gida, yau ya yarda. Kai za ka hau. In kun yi gaba kaɗan ka leƙa taga ta hagu, za ka ga duwatsun Kagoro da layin dogo, har garinmu za ka gani."

Ubangiji ya buɗe masa ƙofar tuba a nan. Sifana tana aljihunsa. Amma Romanus yana tsaye, Silvanus yana tsaye, in ya buɗe murfin nan za su tambaye shi dalili. Ya ce ya gode, ya hau.

Jirgi ya tashi. Kujerar da ya yi shekaru yana mafarki, ga shi a kanta, amma kunnensa yana bango. Matuƙi ya ce ga Kafanchan can a hagu. Bai ɗaga kai ba, yana sauraron noti. Sai maɗaurin ya saki. Iska mai zafi ta feso, roba ta fara narkewa, hayaƙi ya cika wuri, mai gida yana tari yana salati. Kafin kowa ya gane inda abin yake, mutuminmu ya ɓalle murfin ya damƙi bututun da hannu biyu yana ƙoƙarin haɗa shi. Matuƙi ya rufe iskar ya juya Kaduna. Allah ya taimaka ba a rasa rai ba, amma fatar hannuwan mutuminmu ta zauna a jikin ƙarfen.

Silvanus 'yan sanda suka kama, tunda shi ya yi aikin. An nuna masa wayar, ya dube ta, ya gane ta. Ya gwammace a ɗaure shi da ya kira sunan yayansa. Amma Romanus ma yana da ido. Ya naɗe guntun wayar a hankici ya kai asibiti, ya ajiye a kan ƙirjin mutumin. Ya ce, "Dubi inda ta juya. Sau nawa na yi maka faɗa a kan murɗin nan?"

Hagu ta juya. Baki ya iya ɓoyewa, amma gaggawa ta mayar da hannu gidansa na dā.

Aka saki Silvanus, mutuminmu ya yi zaman kurkuku, ya dawo ƙauye da yatsu a manne, ko cokali ba ya iya riƙewa sosai. Kun san wa ke aika masa hatsi? Larai, matar Silvanus. In Silvanus ya zo hutu, shi ke ɓalla masa maɓallin riga ranar Lahadi. Yaran unguwa kuma, da ba su san labarin ba, sukan kewaye shi su ce, "Baba, an ce ka hau jirgin sama, yaya garinmu yake daga can?" Ga shi kuwa bai leƙa ba.

Ya 'yan'uwa, hassada ba ta ƙara wa mai yin ta ko ƙwayar acca. Abin da yake ƙyashi yana hanyar zuwa gare shi, ta hannun wanda yake ƙi, ya tare shi ya ɓata. Kai da doyar maƙwabcinka ke hana ka barci, ke da zanin 'yar'uwarki ke sa ki kasa waƙa a zumuntar mata, wane noti kuke sassautawa? Kun tabbata ba ku za a zaunar a kusa da shi ba?

Ubangiji ya wanke mana zuciya, ya ba mu bakin cewa amin ga albarkar ɗan'uwa. Allah ya kiyaye mu da hannuwanmu. Amin.