Gafakar Ladan Sammani

Akwai wani ɗan kasuwa a Fagge, Alhaji Abdulnasir, mai sarin shadda da atamfa. Mutum ne mai kyauta, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma in kana son ganin ɓacin ransa, ka ce masa akwai abin da bai sani ba.

Kakansa, Malam Sammani, ya shekara arba'in yana ladanci a wani tsohon masallaci a Kwaciri. Da ya rasu ya bar gafaka ta fata cike da takardun da ba a ɗinke ba. A ciki ya rubuta tarihin masallacin da ajami, da sarakunan da aka yi a zamaninsa, da limaman da suka ja salla ɗaya bayan ɗaya. Gafakar nan ta faɗo hannun Abdulnasir.

To ga inda gizo ke saƙa. Alhaji ya yi boko, ya yi Islamiyya, yana karanta Alƙur'ani bugun zamani tiryan-tiryan. Amma rubutun kakansa na alƙalamin kara ne, ga shi ba wasali. Sau ɗaya ya buɗe, ya ga kamar sawun kaji, ya mayar ya kulle a durowa.

Abin da kawai ya riƙe shi ne wata magana da gwaggonsa ta taɓa yi yana yaro, cewa ai masallacin nan nasu ne. Ita ya ɗauka ya yi wa ado. Duk majalisar da ya zauna sai ya ce, "Kakanmu ne ya ba da fili, shi ya gina. Yana nan a rubuce, na karanta da idona."

Shekara goma sha biyu yana faɗa, har aka laƙaba masa Magajin Tarihi. Wallahi sunan nan ya fi masa daɗi a kan cinikin sati. Wanda ya ce a nuna masa takardun kuwa, sai ya ce amana ce, ba ta fita daga gida.

A masallacin akwai wani dattijo, Baba Lateef, Bayarabe haifaffen Fagge, tsohon tela. Ya yi karatun allo tun yana ƙarami, tsohon rubutu ba ya ba shi wuya. Wata rana bayan la'asar ya tari Alhaji cikin ladabi.

"Ɗana, in ka yarda, ina so in ga rubutun Malam Sammani ko sau ɗaya. Na san shi, yana ba mu dabino muna yara."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa a gaban mutane. "Baba, wannan tarihin 'yan gari ne. Me baƙo zai nema a ciki?"

Mutumin da aka binne cibiyarsa a Fagge, wai shi ne baƙo! Baba Lateef ya yi murmushi, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," ya saka takalminsa ya tafi.

Ana nan aka rushe masallacin aka sake gina shi. Kwamiti ya zauna ya yanke abu uku. Za a buga takardun su zama littafi. Za a sassaƙa sunan Malam Sammani a farin dutse a bakin ƙofa, a matsayin wanda ya ba da fili ya gina. Ranar buɗewa kuma Magajin Tarihi da kansa zai karanta shafin farko a lasifika.

Alhaji ya shiga neman hanyar zamewa. Ya ce takardun sun tsufa, aka ce shi ya sa za a buga. Ya ce yana da tafiya, aka ɗaga ranar saboda shi. Ya ce liman ya fi dacewa, liman ya ce ina shi ina shiga gaban jika. Duk ƙofar da ya nufa sai ya tarar an rufe ta da girmamawa.

Matarsa Zulfa ita kaɗai ta san gaskiya. Ta ga ya bar cin abinci, ta ce, "Alhaji, matambayi ba ya ɓata. Ka kai wa Baba Lateef a ɓoye ya karanta maka, ka haddace."

"Bayan abin da na gaya masa a gaban jama'a? Da wace fuskar?"

"To wani malamin."

"Zulfa, kin san Kano. In malami ɗaya ya ji da safe, kafin azahar an sani a kasuwa."

Haka ya ɗauki gafaka ya hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari, wurin Nwabueze mai maɗaba'a, wanda ya shekara talatin yana buga wa malamai littattafai. Nwabueze ya wanke hannu kafin ya taɓa takardun. Ya jujjuya kaɗan, ya ɗago.

"Alhaji, ni ban iya karanta wannan ba, amma takardun sun cakuɗe. Ka ga 'yar kalmar nan a ƙasan kowace takarda? Malamai sun nuna mini, ita ce ke fara ta gaba. Ta nan ba ta yi daidai da ta can ba. Zauna ka jera mini, minti goma ne a wurinka."

Jama'a, ga ƙofa Allah ya buɗe masa, ba kowa a wurin sai su biyu. Amma girman kai rawanin tsiya. Alhaji ya ce, "Kai za ka koya mini littafin kakana? Buga shi yadda na kawo."

Nwabueze ya ce, "Shi ke nan, Alhaji." Ya ɗauki hoton takardun yadda suke, ya buga kwafi ɗari uku.

Ranar buɗewa ta zo, Asabar da hantsi. An kafa rumfa, an jera kujeru, malamai a gaba, matasa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Farin dutsen yana bakin ƙofa an lulluɓe shi da ƙyalle. Liman ya yi addu'a, ya miƙa wa Alhaji littafi da makirfo, ga gafakar rataye a kafaɗar Alhaji.

Alhaji ya buɗe. Ya yi gyaran murya. Ya yi bismilla, ya sake yin bismilla. Gumi ya jiƙa wuyan babbar rigarsa. Ya dubi hagu, kwamiti. Ya dubi dama, abokan kasuwa. Bayansa bango, gabansa mutum ɗari biyu suna jira. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Sai Baba Lateef ya miƙe daga can sahun baya, yana dogara sanda. Ya ce da ƙarfi, "Malam liman, tsohon rubutu yana wahalar da idon 'yan zamani. A bar tsoho ya taya ɗansa."

Ya zo ya karɓi littafin, ya duba, ya ce a hankali, "An haɗa kai da ƙafa. Ina na asalin?" Alhaji ya miƙa masa gafakar da ya hana shi gani. Baba Lateef ya zauna ya jera takardun ɗaya bayan ɗaya, ya soma bin ta farko da yatsa. Can sai yatsan ya tsaya.

Ya ture makirfo gefe, ya raɗa wa Alhaji, "Ɗana, abin da ke nan ba shi ne ka daɗe kana faɗa ba. In ka ce in tsallake, zan fara daga jerin sarakuna, ba wanda zai ji daga bakina. In karanta ko in tsallake?"

Alhaji ya dubi tsohon da ya kira baƙo, wanda yanzu yake neman rufa masa asiri. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya jawo makirfo.

"Jama'a, ku yafe mini. Ban iya karanta rubutun nan ba. Ban taɓa iyawa ba. Shekara goma sha biyu ina faɗa muku abin da ban karanta ba. Baba, karanta duka."

Baba Lateef ya karanta:

"Ni Sammani ladan, ban mallaki taƙi ɗaya a wurin nan ba. Filin na wata mai goro ce, Ramota Bayarabiya, ta bayar domin Allah, ta ce kada a ambace ta tana raye. Magina uku suka ɗora bango ba lada. Ni ruwa na ɗebo musu. Na rubuta don kada wani ya ci ladan wani a bakin mutane."

Baba Lateef ya ajiye takardar. Ya share ido da hannun riga, ya ce, "Ramota mai goro kakata ce. Wallahi ban sani ba sai yau."

Ba a yaye ƙyallen dutsen ba ranar. An cire shi, aka sassaƙa wani da sunan Ramota da ambaton maginan uku. Alhaji ya koma Sabon Gari ya ba Nwabueze haƙuri, aka sake buga littafin a jere.

Kada in yi muku ƙarya, an yi masa dariya. Bidiyon ya zaga wayoyi, sunan Magajin Tarihi ya mutu murus. Amma Zulfa ta ce ranar ce ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Yanzu in ka bi ta masallacin bayan la'asar, za ka ga Alhaji mai shekara hamsin da biyu a durƙushe kan tabarma gaban Baba Lateef, yana bin rubutun kakansa da yatsa. Har yanzu yana shafi na huɗu.

Darasi: Faɗin "ban sani ba" nauyinsa na minti ɗaya ne, amma ƙaryar sani kurkuku ce da kai ka gina wa kanka. Gadon takarda ba gadon ilimi ba ne, sai ka zauna an koya maka. Kuma kada ka kira kowa baƙo a ɗakin Allah, ba ka san a filin wa kake sujada ba. Ka tura wa wanda yake da tsofaffin takardu a gida, ya nemi mai karanta masa tun masu iyawar suna raye.