Ƙudan Zuman Garkar Inna Barmani

Ku matso ku ji, amma kada wanda ya yanke hukunci sai na dire.

Inna Barmani tana da 'yar garka a bayan ɗakinta, inda take shuka wata kabewa mai zaƙi da ta gada daga uwarta. A bana ta zuba ragowar irin kaf a ƙasa. Kabewa ta yi yaɗo, ta yi fure, amma furen da ya buɗe da safe sai ya zube da yamma, bai ƙulla komai ba. Feshin maganin ƙwari a gonakin maƙwabta ya kori ƙudan zuma, masu sa fure ya ƙulla, daga unguwar. Ga damina ta juya baya. Tsoro ya hana tsohuwa cin tuwo, don in furen ƙarshe ya faɗi, irin uwarta ya ƙare a hannunta.

Babban ɗanta Tanimu, wanda bai iya zama wuri ɗaya ba, ya saƙa amya, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya rataye a zogalen garkar. Ana nan har an fara yi masa dariya, sai ga zuma ta sauka.

Amma rana ta yi zafi, zuma ta fara watsewa neman ruwa. Ladidi, 'yar tsakiya, ta ajiye kasko a inuwa, ta jera tsakuwa a ciki don kada ƙudan su nutse. Rijiya da nisa, ga ta da tsohon ciki, amma kaskon nan bai taɓa bushewa ba. Zuma ta zauna.

Sai zumar ta harbi ɗan maƙwabci. Mutane suka taho da wuta a hannu za su ƙone amyar. Jatau, autan da ko kaza ta yi fiffika sai ya ja da baya, shi ya tare ƙofa.

"Ku yi haƙuri, iyayena, zan ɗauke ta."

Ya rungumi amyar ya hau da ita can ƙololuwar tsamiyar bayan gida. Ya sauko idanu a kumbure, ya kwanta zazzaɓi.

Kabewa ɗaya tak ta nuna. Inna Barmani ta tsufa, garkar kuwa ba ta kai shimfiɗar tabarma uku ba, balle a raba ta. Ta rasa wanda za ta damƙa wa ita da irin, don kowanne ta duba sai ta ji kunyar sauran.

To, ku da kuka ji, a cikin ukun nan wa ya kamata ta ba?