Takardar Abin da Ba a Yi Ba

An yi wani dillalin hannun jari, Alhaji Ɗanliti, da ya sayar da 'yan hannayen jarin Baba Tanko tela, ya ce Baban ne ya ba shi izini ta waya. Baba ya musanta, amma ba shi da halin ɗaukar lauya, sai Rakiya, ɗaliba mai karatun lauya, ta tsaya masa gaban mai sasanci, wannan ce kuwa shari'arta ta farko.

Alhaji ya dube ta ya yi dariya. "Yarinya, kawo takardar da ke nuna bai ba ni izini ba. In babu, magana ta ƙare."

Rakiya ta russuna. "Gaskiya ne, Alhaji. Af, Baba yana godiya da motar da ka ba shi kyauta jiya ta waya."

"Ni? Ƙarya ne!"

"To kawo takardar da ke nuna ba ka ba shi ba."

"Ina aka taɓa rubuta abin da ba a yi ba?"

Mai sasanci ya ajiye biro. "Alhaji, zaɓi ɗaya: ko hannun jarinsa, ko makullin motarka."

A ranar aka mayar wa Baba jarinsa.