Makullin Babur ɗin Barau

To, ku gyara zama, kai kuma ajiye wayar nan. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

A Malumfashi an yi waɗansu abokai huɗu: Barau, Tanimu, Sallau da Gambo. Tun suna samari suke da wata al'ada. Da kaka ta yi, an yanke gero an kai rumbu, sai su ɗaure tanti da tabarmi da butar shayi a bayan baburansu su kama hanya. Inda rana ta faɗi musu, nan ne masauki. Su kafa tanti a gefen gona, su sayi sabuwar gyaɗa wajen manoma su gasa, su yi ta tsokanar juna. Har furfura ta fito musu ba su daina ba, matansu sun yi mita har sun gaji.

Wata shekara ciwon ido ya kama Barau, irin wanda ke cin gani daga gefe, har mutum ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce ɗan abin da ya rage ma ya kusa tafiya. Ga shi 'yarsa tilo, Uwani, tana aure a wani ƙauye can saman tsaunukan Mambila, inda mota ba ta shiga sai rani ya yi nisa, kuma ta haifa masa jikarsa ta fari. Barau ya tara abokansa ya ce, "Ina so in ga fuskar yarinyar nan da idona, kuma a kan babur ɗina zan je, ni da kaina. Amma ku rantse ba mai gaya wa Uwani halin da nake ciki." Suka rantse. Taurin kai ne, na sani, amma wallahi tausayi ya ba ni.

Tanimu shi ne sarkin gudu a cikinsu, mutumin da in ya murɗa totur sai a gari na gaba a same shi yana shan rake yana musu dariya. Shi ya yi dabarar farko. Ya sayi jan ƙyalle ya ɗaura a bayansa, ya shige gaban Barau, ya ce, "Kada ka dubi komai sai wannan." Haka suka ratsa Bauchi da Gombe, suka nausa Jalingo. In ya ga rami ya kauce da wuri, Barau ya bi jan ƙyalle ya kauce. In babbar mota ta taho, shi ke tare ta. Kwanaki ya yi yana tafiyar da ya saba yi wa mutane ba'a a kanta, wuyansa ya ƙage saboda waiwaye, bai taɓa ƙorafi ba.

Sallau bakanike ne, kuma shi ya fi kowa ɗokin ganin Mambila, don shekaru yana roƙonsu su je. Suna tsakiyar daji bayan sun wuce Bali, babur ɗin Barau ya ɗauke wuta, kwayil ɗin da ke ba injin wuta ya ƙone. Ba gari kusa, ba kanti. Sallau bai yi shawara da kowa ba, ya kwance kwayil ɗin nasa babur ɗin ya ɗaura wa na Barau. Suka ce ya hau bayan Gambo, ya ce in aka bar babur a dajin nan ko taya ba za a tarar ba, kuma idon Barau ba zai jira ba. Ya tsaya shi kaɗai da mataccen babur da ɗan garin kwaki, ya yi ta turawa a rana har ya kai gari. Mambila dai bai gan ta ba.

Gambo kuwa mai dafa musu abinci ne, ba gudu ba gyara, sai surutu. Da suka yi zango a gindin tsauni na ƙarshe, gari ya waye Barau ya fito daga tanti yana lalube. Jan ƙyallen ma da ƙyar yake hango shi, ga hanyar da ta rage siririya ce a bakin kwazazzabo. Ya zauna ya fashe da kuka, ya ce su koma gida, gara ya mutu bai ga jikarsa ba da 'yarsa ta gan shi ana jansa da hannu. Gambo ya ce zai je neman itace. Sai ya ja babur ɗinsa ya hau tsaunin shi kaɗai, ya sami Uwani, ya karya rantsuwarsa ya gaya mata komai. Kafin la'asar ya sauko da ita a bayan babur, jaririya goye. Uwani ta durƙusa ta ce, "Baba, ni za ka ɓoye wa?" Ta ɗora masa yarinyar a cinya, ta juya fuskarta ga hasken rana. Barau ya matso da ita daf da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Goshin kakarta ne, Allah ya jiƙanta." Ya yini bai yi wa Gambo magana ba, amma yarinyar bai sauke ta ba.

Suka lallaɓa suka dawo gida, kafin a gama casar dawa idon Barau ya rufe ruf. Ya aika aka kira abokan nan uku. Suka same shi a zaure, babur ɗin jingine an goge shi tas, makulli a tafin hannunsa. Ya ce ba zai sayar ba, ba zai bari ya yi tsatsa ba, mutum ɗaya zai ba, wanda ya sa ya ga jikarsa. Ya miƙa hannu cikin duhu, su uku suka sunkuyar da kai, ba wanda ya matsa.

To, jama'a, hannun Barau na nan a miƙe. Tanimu ne, ko Sallau, ko Gambo: wa ya fi cancanta ya karɓi makullin nan?