Gizo da Doguwar Addu'a

"To, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu sha labari, Kaka Rifkatu!"

"Ishaku, mijin banza, ɗauke ƙafarka daga kan zanena. Yawwa."

A wani gari na dabbobi akwai 'yar majami'a a gindin ɗorawa. Idan kaka ta yi, kowace Lahadi bayan sujada sai a shimfiɗa tabarmi a ci abinci tare, don a gode wa Allah. Mai riƙe da ludayi ita ce Bushiya, gwauruwa ce, ba ta da komai a duniya sai wannan aiki da sunanta mai kyau. Baba Kunkuru, dattijon ikilisiya, shi ke sa albarka kafin a ci.

Gizo kuwa, kun san halinsa, ƙararrawa ba ta taɓa tashinsa ba. Ƙamshin miyar tarwada ne ya kawo shi, bayan an gama wa'azi. Yana zama sai ya ji Baba Kunkuru ya ce, "Mu rufe ido, mu yi addu'a."

Kowa ya rufe ido ruf, har Kura. Ga tukunya a buɗe tana tururi.

"Kai!" in ji Gizo a ransa. "Gari guda ya makantar da kansa a gaban tukunya?" Ya miƙa hannu ya zaro tarwada, ya lanƙwame, ya goge baki. Da aka ce Amin, tasa ta fi ta kowa ƙarfi. Bushiya ta juya ludayi, ta sake juyawa, babbar tarwadar da ta ajiye wa baƙi ta yi ƙafa.

Gizo ya koma gida yana taƙama. Ya ce wa matarsa, "Ƙoƙi, duk garin nan babu mai hikimar mijinki."

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, a garinmu sata ake kiran wannan."

"Wa ya gan ni? Kowa idonsa a rufe!"

"Shi wanda ake rufe idon dominsa fa? Shi ma rufewa ya yi?"

"Ke dai tsoro ya yi miki yawa. Ba ni ruwa in kora."

Lahadi ta biyu Gizo ya zauna dab da tukunya. Amma ranar yunwa ta kama Baba Kunkuru, ya taƙaita addu'a. Gizo bai gama haɗiye wutsiya ba ya ji Amin, saura kaɗan asirinsa ya tonu. Haushi ya kama shi. Da aka tashi ya bi dattijon yana marairaice fuska.

"Baba, addu'ar nan ta yi gajarta. Ina marasa lafiya? Ina matafiya? Allah ya ba mu damina sukutum, mu kuma mu ba shi godiyar da ba ta kai atishawa ba?"

Baba Kunkuru har da ƙwalla. Ya ce, "Ɗan'uwa Gizo, ashe haka zuciyarka take? Ka tunatar da ni."

Ita kuwa Bushiya ta shiga uku. Kura, da ba ta samu kifi ba, ta tashi tana kumfar baki. "Mai ludayi ita ta san inda kifi ke tafiya! In aka sake, a karɓe ludayin, a kira sunanta a gaban ikilisiya." Aka amince a kan haka. Bushiya ta yi kuka har idonta ya kumbura, ni kaina in na zo nan sai tausayinta ya kama ni.

Zomo ya ja ta gefe. "Mama, ki buɗe ido ɗaya mana. Ɗan kaɗan, ki kama ɓarawon."

Ta ce, "Ina tsaye a gaban Ubangiji ina yi masa magana, in juya in leƙa tukunya? A'a, ɗana. Shi yana gani, ya ishe ni."

Kin ji ko, jikata Tabita? Ke da kike leƙen ƙosai ta tsakanin yatsu in ana addu'a.

Lahadi ta uku Baba Kunkuru ya ɗauko addu'a tun daga ruwan farko na damina. Gizo ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya ɗauko wani ƙaton kan tarwada ya cusa a baki, kumatu suka yi suntum. Daidai nan dattijo ya ce, "Yanzu ɗan'uwanmu Gizo, mai ƙaunar addu'a, shi zai ƙarasa mana."

Wuri ya yi tsit. Kowa na jira, ido a rufe.

Tofarwa za a ji, taunawa za a ji. Gizo ya rintse ido ya haɗiye. Kan tarwada ya tsaya cak a maƙogwaro, ba gaba ba baya.

"Ƙaƙ! Ƙaƙ!" in ji Gizo.

"Amin!" in ji Zomo.

"Ƙaaaƙ!"

"Allah sarki," in ji Kura, "kuka yake yi. Addu'a ta kama shi."

Gizo ya ɗaga hannuwa yana kaɗawa, ya yi tsalle, ya nuna wuya. Wa zai gani? Rufe idon da ya yi ta murna da shi, ga shi zai kashe shi a tsakiyar jama'a. Numfashi ya ɗauke, duniya ta fara juyawa. Nan fa tsoro na gaske ya shige shi, ya ce a zuciyarsa, "Ya Ubangiji, ashe kai kaɗai ke ganina. Ka ga na farko, ka ga na biyu. Na tuba, ka cece ni!" Tun da aka haifi Gizo bai taɓa yin addu'a ba sai ranar.

Jiri ya kwashe shi, ya faɗa da baya, ya zauna daram a kan Bushiya da ta durƙusa ta dunƙule. Ƙayoyinta suka shige shi. Ya zabura ya kurma ihu, kan tarwada ya yi fit, ya tashi sama ya sauka ƙwal a ƙoƙon bayan Baba Kunkuru.

Kowa ya buɗe ido. Ga kan kifi, ga Gizo da miya har gwiwar hannu, yana riƙe da mazaunai.

Kura ta yi kansa, Bushiya ta tare ta da ludayi. "Bar shi, ya sha abin da ya sha." Baba Kunkuru ya miƙe, a gaban kowa ya roƙi Bushiya gafara, ludayi kuma ya zauna a hannunta har tsufa. Gizo ya yi makonni yana jin wa'azi a tsaye, ba don ladabi ba, zaman ne ba ya yiwuwa.

To jikokina, wayo daban, hikima daban. Gizo yana da wayon da ya fi na gari guda, amma bai fara hankali ba sai ranar da ya ji tsoron Allah. Wanda bai san Allah na ganinsa ba, ko kansa ya kai tulu, wawa ne.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare. Ku durƙusa mu yi addu'a. Ishaku, ido biyun duka nake nufi.