Burtalin Da Aka Bari A Rabi

Akwai wani mutum mai suna Mannir Haliru, a wani ƙauye da ke ƙasar Kebbe. Malamin firamare ne, kuma manomi. Mutanen garin suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu ta manoma da makiyaya, saboda bakinsa na da kaifi kuma ba ya da ƙyuya.

Ran da aka zaɓe shi ya kafa doka. Duk bayan wata uku za a zauna a gindin darbejiyar ƙofar maigari, a tsai da aikin da za a sa gaba. Kowa ya ji daɗin wannan tsari.

A zaman farko, da rani, ya ce za a gina sito don a daina sayar da hatsi da araha lokacin kaka. Aka buga tubali, gini ya kai ƙirjin mutum.

A zama na biyu ya ce a koma kan burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki zuwa mashaya. Za a dasa itacen bini da zugu hagu da dama ya zama shinge, don dabba ta san iyakarta. Jumare, babban makiyayan garin, ya fito da mutanensa, manoma ma suka fito. Aiki ya kai rabi.

A zama na uku, damina ta yi tsaka, Mannir ya zo da maganar kwazazzabon da ke cin hanyar Tambuwal. Nan ne mataimakinsa, wani dattijo mai suna Na'iya, ya ɗaga hannu.

"Shugaba, kafin mu ɗauki wanga sabon aiki, ina ma mu duba na baya. Sito ba rufi, burtali bai ƙare ba."

Mannir ya haɗe rai. "Baba, ni gaba nake dubawa. In muka tsaya waiwaye, yaushe za mu ci gaba? Wancan an riga an yi maganarsa."

"An yi maganatai," in ji Na'iya. "Aikin nika tambaya."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Dariyar ta ƙona wa Mannir rai, ya ce duk wanda ya gaji ya koma gida ya huta. Aka koma kan kwazazzabo, aka fara tara buhunan yashi don tare shi.

Kaka ta zo, dawa ta nuna. Wata safiya garken shanu ya biyo burtali, da ya kai inda shingen ya ƙare sai ya bazu cikin gonar wata bazawara mai suna Batula. Kafin a kore su sun tattake fiye da rabin dawarta. Ƙanenta Atiku ya zo da sanda, aka yi cacar baki da makiyaya, har aka fasa wa ɗaya daga cikinsu goshi. Sai da maigari ya shiga tsakani.

A cikin wannan hali aka kira zama na huɗu. Mannir ya zo da sabon buri, injin casar shinkafa. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi kamar kullum. Har rana ta yi sanyi, daga shi sai Na'iya.

Mannir ya miƙe yana huci. "Ka ga mutanen garin nan? Ni ke tunani, ni ke zirga-zirga Tambuwal da man babur ɗina, su ko zama ba su iyawa. Ba su son ci gaba, Baba. Ni na gaji."

Na'iya ya naɗe tabarmarsa a hankali. "Su ma sun gaji, Malam Mannir. Tada babur ɗinka mu zaga, in ya so ka yi fushin daga baya."

Suka fara da sito. Ruwan damina ya narkar da ginin, ya koma tudun laka, awaki na kwance a kai. Mannir ya tuna yadda mata suka yi ta jidar ruwa a ka don wannan tubali. Bai taɓa dawowa wurin ba tun ran da ya sauya magana.

A bakin kwazazzabo suka tarar da buhunan yashi a yashe, wasu sun fashe, ramin kuma ya ƙara faɗi.

Daga nan suka hau burtali. Abin da Mannir ya gani a farkon hanyar ya sa ya kashe babur. Bini da zugun ya kama, ya yi kore shar, ya kai kwankwaso. Gonakin da ke gefe ko kara ɗaya ba a taɓa ba. Inda wani dashe ya mutu, an sake dasa sabo.

"Wa ya yi wannan?"

"Jumare da masu gonakin," in ji Na'iya. "Tun da suka ga abin shina aiki suke kula da shi da kansu. Sun so ka zo ka gani. Jumare ya aiko maka, ka ce kana kan maganar hanya."

Mannir ya sake duban shingen. Ashe a cikin duk abin da ya ɗauko akwai guda da ya yi kyau, shi ne kuma bai sani ba.

Suka ci gaba da ƙafa har inda shingen ya tsaya. Gonar da ke biye ita ce ta Batula. Tana ciki, tana tsintar zangarniyar da ta rage a ƙasa.

"Sannu da aiki, Inna," in ji Mannir.

Ba ta ɗago ba. "Yauwa, Shugaba. Na ji an ce injin za ka sawo muna. Mi za mu casa a ciki?"

Mannir ya shiga gonar. Ya tsuguna ya taya ta tsintar, ba ta hana shi ba, ba ta kuma yi masa godiya ba.

Washegari bai kira taro ba. Gida-gida ya bi, ya fara da Jumare. Da mutane suka yarda suka taru, ya ce yau ba sabon buri. Ya tambaye su abin da ya yi kyau, da abin da ya lalace, da dalili. Maganganu suka yi ta fitowa, wasu masu zafi ƙwarai. Atiku ya faɗa masa a fuska cewa ya mai da su kamar jakuna, yau a ɗora wannan kaya gobe a ɗora wancan. Mannir ya haɗiye.

Suka tsai da abu guda na wata uku masu zuwa, ƙarasa burtali har mashaya. Da yake rani ne sai da ban ruwa, aikin ya yi wuya, amma aka gama. Kowa ya kawo dami aka haɗa wa Batula, ko da yake bai kai abin da ta rasa ba.

Da lokacin zaɓe ya zagayo, Mannir ya ɗauka an huce. Mutane suka yi masa godiya, sannan suka zaɓi Atiku. Abin ya yi masa ciwo, har ya yi kwanaki ba ya fita hira. Amma ran zaman farko na sabon shugaba, shi ya riga kowa zuwa, ya zauna a cikin jama'a kamar kowa.

Darasi: Kafin ka ɗora wa mutane sabon buri, tsaya ka duba na baya da idonka. Ka ga abin da ya yi kyau ka yaba wa waɗanda suka yi shi, ka ga wanda ya tsaya ka nemi dalili. Shugaban da bai san inda aikinsa ya kwana ba, na ƙasa da shi ne ke kwasar asara, kuma gyara daga baya ba kullum yake dawo da amana ba. In ka san wani mai riƙe da jama'a, ko a ƙungiya ko a wurin aiki ko a gida, tura masa wannan ya karanta kafin zamansu na gaba.